Shawal nawa faddan ya ba ka?

Wata Juma'a bayan la'asar, makonni kaɗan kafin ruwan farko, muna zaune a gindin darbejiyar ƙofar gidan Baffana a wani ƙauye kudu da Sinnar a ƙasar Sudan, ba nisa da Mai Wurno, sai ƙanena ya miƙa masa waya. Bidiyo ne wani ɗan uwanmu ya turo ta WhatsApp daga Saminaka, can jihar Kaduna. Masara ce jibge a fili ta fi tsayin mutum, inji na casa, ƙura ta turnuƙe, samari na ɗinke bakin buhuna suna lodawa a tirela.

Ƙanena ya ce, "Baffa, kun gani ko? Mutane sun bar dawa sun kama masara. Mu ma bana mu karɓi hayar faddan goma mu zuba."

Baffa ya nisanta wayar daga idonsa kamar yadda tsofaffi ke yi, ya kalla har ƙarshe, ya ce, "Masha Allah. To, ɗana, gonar da ta ba da wannan tulin, faddan nawa ce?" Ƙanena bai sani ba. "Taki nawa ta ci?" Shiru. "Wa ya saya, kuma nawa ya saya?" Nan ma shiru. Sai tsohon ya mayar masa da wayarsa ya ce, "Ai ba girin-girin ba, ta yi mai."

Baffa bai taɓa ganin jadawalin hukumar abinci ta duniya, FAO, ba. Amma tambayoyinsa uku su ne daidai abin da ya kamata kowa ya yi kafin ya yi sha'awar tulin masarar wani. Tun da mutanen da yaƙi ya kora suka fara komawa gonakinsu a jihohin Jazira da Sinnar, maganar masara ta yawaita a bakin matasanmu, musamman masu 'yan uwa a Najeriya da masu aiki a Saudiyya da suka ga yadda kamfanonin kaji ke cinye ta. Ni ba na adawa da masara. Abin da nake tsoro shi ne yadda maganar kullum take farawa da yawan faddan, watau faɗin gona, alhali tarihin masara na shekara sittin a duniya ya nuna cewa waɗanda suka ci riba ba su ne suka fi faɗaɗa gona ba.

Masara baƙuwa ce a cimar Sudan, kuma sunayenta ma sun tona asirinta. Mu mun ce masara, watau abin da ya fito daga Masar. Maƙwabtanmu Larabawa suna ce mata esh ar-rif, kuma rif a bakin mutanen Sudan ƙasar Masar ake nufi. A takardun gwamnati zura shamiyya ce, dawar Sham. Kowa ya danganta ta da inda ya ga ta ɓullo masa, alhali asalinta Meziko ne, inda aka fara noma ta kimanin shekara 9,000 da suka wuce. A nan ƙasar dawa ce sarauniya. Da ita ake kisra da asida, da ita muke tuwo, gero kuma na kunu da godo-godo. Masara wurinta jubraka, 'yar gonar bayan gida, ko juruf, gonar bakin bahar, watau kogin Nilu, bayan ruwa ya janye. Akan ci ta ɗanya a gasa a gawayi, a tare yunwar watan Agusta da Satumba kafin dawa ta nuna. Inna takan rataye 'yan goyo biyar-shida mafi kyau a saman murhu su sha hayaƙi, su ne irin baɗi. Iyakar abin ke nan.

A duniya kuwa babu hatsin da ake girbewa da yawa kamarta. A 1961 an shuka masara a hekta kusan miliyan 105, aka samu tan kusan miliyan 205. Yau filin ya kai hekta miliyan 200 da ɗoriya, amfanin kuma ya kai tan biliyan 1.2. Filin ya ninka sau biyu, amfanin ya ninka kusan sau shida. Ragowar ninkin daga cikin gonar ya fito: hektar da take ba da tan biyu ta koma tana ba da kusan shida.

Tun da mu da faddan da shawal muke lissafi, bari in juya alƙaluman. Faddan ɗaya hekta 0.42 ne, shawal kuma buhu ne mai kilo 90. Manomin Amurka yana samun kimanin tan 11 a hekta, watau shawal 50 a faddan. Na Masar, da ruwan Nilun nan da ke wuce mu, yana samun wajen shawal 35. Na Habasha, shawal 18 zuwa 19. Matsakaicin Afirka kudu da Sahara, tan biyu a hekta, shawal tara ke nan. Duk wanda ya taɓa biyan kuɗin huɗa ya san abin da wannan ke nufi. Hayar faddan ɗaya ce, kuɗin tarakta ɗaya ne, noman firi da maimai ɗaya ne, ko gona ta ba da tara ko ta ba da talatin da biyar. Sai dai mai tara zai raba wannan kuɗin a kan buhu tara, don haka buhunsa ya fito da tsada tun kafin ya bar gona.

Amurka ba da wannan albarka ta tashi ba. Daga 1866 har zuwa tsakiyar shekarun 1930, shekara saba'in cur, hektar masararsu ba ta wuce tan ɗaya da rabi da 'yan kai ba, watau ƙasa da abin da Afirka ke samu yau. Abin da ya sauya shi ne aurarren iri, wanda ake samu ta haɗa iri biyu, sannan takin zamani bayan yaƙin duniya na biyu, sannan injuna da maganin ciyawa. Filin da suke shukawa yanzu bai kai na farkon shekarun 1930 ba, amma abin da suke girbewa ya ninka na wancan lokaci wajen sau biyar, har masara ta yi musu yawa suna mayar da kusan kashi ɗaya cikin uku man mota. Afirka ta Kudu ta fi ba ni mamaki. A shekarun 1980 tana shuka sama da hekta miliyan huɗu. Yanzu manyan manomanta ba sa kai miliyan uku, sun bar busassun filayen da ba sa biya sun koma kiwo, amma a 2017 sun girbe sama da tan miliyan 16, abin da ba su taɓa samu ba lokacin da gonar take da faɗi.

Sin ta haɗa biyun, ta ƙara fili ta ƙara yabanya, har a 2012 masara ta zarce shinkafa a ƙasar da kowa ya sani da shinkafa, saboda kiwon dabbobi da kaji. Birazil ta sare daji mai yawa, wannan ba a ɓoye yake ba, amma babbar dabararta ita ce shuka masara a gonar waken suya da zarar an girbe waken, a shekara guda. Wannan shuka ta biyu yanzu ita ce kusan kashi uku cikin huɗu na masararsu, kuma da ita suka sha gaban Amurka wajen fitarwa waje a 2023.

Afirka ita ce ta bi ɗaya hanyar. Daga hekta wajen miliyan 15 a 1961, filin masara ya haura miliyan 40. Yabanya ta tashi daga tan ɗaya zuwa biyu a shekara sittin. Yawancin ƙarin da ake alfahari da shi a taruka, daji ne aka sare, burtali aka nome, makiyaya aka cinye. A 2006 shugabannin nahiyar suka taru a Abuja suka yi alƙawarin ɗaga takin da ake zubawa daga kilo takwas a hekta zuwa kilo 50 kafin 2015. Wa'adin ya wuce da daɗewa, matsakaicin bai kai can ba.

Labarin Saminaka da ƙanena ya gani ya cancanci a ba shi a cike, don ƙasar kakanninmu ce kuma darasinta ya fi kusa da mu. Kafin tsakiyar shekarun 1970, masara a arewacin Najeriya tana nan kamar yadda take a wurinmu yau, abar bayan gida ce, ta gashi. A 1975 aka buɗe ayyukan raya karkara na Bankin Duniya a Funtuwa da Gusau da Gombe. Suka zo da irin TZB da cibiyar IITA ta Ibadan ta fitar, da taki mai rahusa, da malaman gona, da hanyoyin mota zuwa ƙauyuka. Cikin shekara goma masara ta zama amfanin sayarwa daga Funtuwa zuwa Zariya zuwa Saminaka, tuwon masara ya shiga gidajen da a da ba su san shi ba. Abubuwa huɗu ne suka zo tare: iri, taki, hanya, kasuwa. Da aka janye tallafin taki a shekarun 1990, manoma da yawa suka ja da baya suka koma dawa, don masara ba ta yafe wa mai rowar taki. Yau Najeriya na girbe wajen tan miliyan 12, tana cikin manyan masu noma ta a nahiyar, amma hektarta har yanzu tana yawo a tan biyu. Tulin da ke cikin bidiyon gaskiya ne. Sai dai a bayansa akwai miliyoyin hekta da ke ba da shawal tara a faddan, kuma ba wanda ke ɗaukar su bidiyo.

Ba ma sai mun je nesa ba. Sudan ta riga ta gwada noman faɗi, da dawa ta gwada. Noman inji na damina ya fara a Gadambaliya kusa da Gadarif a tsakiyar shekarun 1940, aka kafa masa hukuma a 1968, aka yanka wa 'yan kasuwa da manyan ma'aikata gonaki na faddan dubu ko dubu da ɗari biyar. Miliyoyin faddan aka buɗe a Gadarif da Damazin da Habila. Tarakta ta ja faifai sau ɗaya, a watsa iri, ba taki, ba hutun ƙasa, ba juyin shuka. Ƙasa ta gaji, buda, wadda muke kira ƙuduji, ya mamaye, a ƙara gaba a sare wani dajin. Yau idan faddan ya ba da shawal biyu ko uku a can, sai a ce an gode Allah. Iyayenmu da yawa sun yi ƙwadagon yankan dawa da riɗi a waɗannan gonaki, sun san yadda mutum zai yi tafiyar rabin sa'a a cikin gona guda yana ganin zangarniya kamar ɗan yatsa. Abin takaici, a nan Sudan ne Gebisa Ejeta, masanin nan ɗan Habasha, ya fitar da Hajin Dura-1 a 1983, aurarren irin dawa na farko da aka sake wa manoma a Sudan. Hanyar ƙara yabanya a gabanmu aka gano ta, amma manyan gonakin damina suka ci gaba da ƙirga faddan.

Ga dalilin da ya sa nake ganin wannan magana ta fi shafar Bahaushen Sudan fiye da kowa. Mai faddan dubu da takardar gwamnati yana iya rayuwa da shawal biyu a faddan, don biyu sau dubu dubu biyu ne. Mu fa? Kakanninmu sun zo ta hanyar hajji, wasu sun biyo hijirar da ta biyo bayan yaƙin Burmi da Turawa a 1903, suka zauna a bakin bahar, suka yi aikin auduga a Jazira tun da aka gama dam ɗin Sinnar a 1925. Shekara ɗari ke nan, amma har yau da yawa daga cikinmu a kambo suke zaune, watau zangon 'yan ƙwadago, hawasha, watau gonar ban ruwa, ta wani suke nomawa a raba, ko haya suke karɓa shekara-shekara. Wanda ke da juruf nasa, faddan biyu ne ko uku. Idan irin wannan mutum ya ce zai ƙara amfani ta hanyar ƙara fili, filin wa zai shiga? Ba mu manta da Yulin 2022 ba, da abin da ya biyo baya a Wad al-Mahi a watan Oktoba, lokacin da rikicin da ƙasa ke tsakiyarsa ya ci ɗaruruwan rayuka a jihar Shuɗin Nilu, dubbai suka bar gidajensu. Ba ina cewa mu yi shiru kan haƙƙinmu na mallakar ƙasa ba ne. 'Yan ƙasa ne mu, kuma wannan gwagwarmaya ce da ba za a ajiye ba. Amma shari'ar ƙasa tana ɗaukar shekaru, ciki kuwa kullum yake tambaya. Ɗaga faddan daga shawal shida zuwa goma sha biyu daidai yake da samun sabon faddan, kuma babu omda, watau dagaci, ko shehun ƙauyen da zai kira ka ya ce ka tsallake iyaka.

Habasha ita ce misalin da ya kamata mu zuba wa ido, don daga Gallabat ana hango ta, kuma manomanta ƙanana ne kamarmu, masu shanun huɗa. A farkon shekarun 1990 hektarsu tana ba da wajen tan ɗaya da rabi. A 1993 cibiyar bincikensu ta Bako ta saki irin BH660, shirin Sasakawa na taimakon ƙananan manoma ya shigo da gonakin gwaji, gwamnati ta baza dubban malaman gona a ƙauyuka tare da bashin taki. Zuwa 2013 sun haura tan uku, yanzu suna wajen huɗu. Wani abin da mutane ba su cika sani ba shi ne shirin Sasakawa ɗin nan a Sudan da Gana ya fara, a 1986, kafin ya je Habasha.

Amma labarin Habasha yana da wani babi da masu tallar iri ba sa karantowa. A 2001 damina ta yi kyau, masara ta cika ko'ina, babu rumbunan ajiya, babu hanyar kai ta inda ake yunwa, babu mai saye. Zuwa farkon 2002 farashi ya faɗi har da kashi 80 cikin 100 a wasu kasuwanni. Wasu suka bar ta a gona ta ruɓe don kuɗin girbi ya fi kuɗin buhu. Manoman da suka ci bashin taki suka sayar da shanu suka biya, suka rantse ba su ƙara ba. Shekara mai zuwa aka rage taki, fari ya zo ya tarar, a 2003 mutum sama da miliyan 12 suka koma jiran taimakon abinci. Daga wannan ciwon ne aka haifi kasuwar musayar amfanin gona da suka buɗe a 2008. Tambayar Baffa ta uku ke nan, wa ya saya, kuma ita ce mafi nauyi a wurinmu, domin manomin Habasha ko ba a saya ba zai ci masararsa. Mu gidan da ya saba da kisrar dawa ba zai cinye shawal ɗari na masara ba.

To wa zai saya? Masu kiwon kaji da shanun madara su ne kasuwar masara ko'ina. Manyan gidajen kajin Sudan a kewayen Khartum suke, kuma yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 ya durƙusar da su. Kafin yaƙin ma da dawa feterita suke haɗa yawancin abincin kajinsu. A waje akwai kasuwa, babba ma. Masar, duk da shawal 35 ɗinta, tana sayo kusan tan miliyan tara zuwa goma a shekara. Saudiyya ta daina sayen alkamar gida a 2016 don ceton ruwan ƙarƙashin ƙasa, ta taƙaita noman ciyawa, kuma miliyoyin tan na masara take shigowa da su duk shekara. Tsakanin Jidda da Bur Sudan kilomita 300 ne ko kusa da haka, amma jiragen da ke sauke masara a Jidda daga Ajantina da Birazil suke fitowa. Mutanenmu da ke can suna ganin wannan su ce ai mu ne muka fi kusa. Kusa kam muna kusa, amma mai saye buhu yake saye ba zumunci ba. Wanda buhunsa ya fito daga faddan mai shawal tara, sannan ya biya mota daga Sinnar zuwa Bur Sudan da duk shingayen da ke hanya suna karɓar nasu, ba zai kara da wanda faddan ɗinsa ya ba da talatin aka ɗura a jirgi ba. Masu jarin ƙasashen Larabawa da suka karɓi filaye a arewacin Sudan sun yi wannan lissafin tuntuni, shi ya sa yawancinsu barsim, ciyawar dabbobi, suke nomawa suna kaiwa gida.

Akwai masu cewa duk wannan ɓata baki ne, masara ba ta ƙasar nan ba ce, a bar kaza cikin gashinta. Suna da hujja mai ƙarfi. Masara na buƙatar ruwa milimita 500 zuwa 800 da ya rarrabu daidai, kuma idan ta yi ƙishi ko zafi ya haura digiri 35 a makon da take fitar da bununi da gemu, totuwa za ka tarar babu ƙwaya. Dawa idan ruwa ya ɗauke takan naɗe ganye ta jira, in ya dawo ta farfaɗo. Masara ba ta da wannan haƙurin. Afirka ta Kudu da na yaba ɗazu, a farin 2016 abin da ta samu bai kai tan miliyan takwas ba, rabin na shekarar da ta biyo baya. Sannan ga baƙar tsutsar nan da ta ɓulla a Afirka ta yamma a farkon 2016 ta iso Sudan a 2017, wadda ke shiga cikin kunnen masara ta cinye zuciyarta. A ƙasar da hatsin 2023 ya sauka zuwa tan miliyan 4.1, kashi 46 cikin 100 ƙasa da na shekarar da ta gabata a ƙididdigar FAO, ƙasar da aka ayyana yunwa a sansanin Zamzam a Agustan 2024, ganganci ne a ce wa talaka ya tuge dawarsa ya shuka abin da ke mutuwa da ƙishin mako biyu. Na yarda da su a kan wannan ɗari bisa ɗari. Duk gonar damina daga Sinnar zuwa arewa, dawa da gero ne gatanta.

Inda na saɓa da su shi ne a ce babu wurin masara sam. Akwai. Kudancin Gadarif da kudancin Shuɗin Nilu suna samun ruwan da ya ishe ta. Juruf da gonakin famfo na bakin bahar suna iya ɗaukar ta da hunturu, lokacin da zafi ya sauka. Hawashar Jazira, tun da dokar 2005 ta ba manomi damar zaɓen abin da zai shuka, ita ma tana iya ɗauka idan an yashe magudanan da laka da ciyawa suka toshe. A irin waɗannan wuraren masara tana biyan taki fiye da yadda dawa ke biya. Kuma waɗannan wuraren, bakin ruwa da lambu, su ne inda Hausawa suka ƙware tun fil'azal. Wanda ya iya albasa da tumatir da kuɓewa a juruf, ya san ban ruwa a kan lokaci, ya san tazarar shuka, rabin aikin masara yana hannunsa.

Mun taɓa ƙonewa, shi ya sa Baffa yake da tambayoyi. Shekaru biyu kafin yaƙi wannan ƙanen nawa ya sayo iri a wani shago a kasuwa, cikin leda marar tambari, an rina shi ja, aka ce masa aurarre ne daga waje. Ya shuka faddan biyu a bakin ruwa. Tsirowa ta yi gwari-gwari, wata ta kai kafaɗa wata tana gwiwa, alamar an ɗebi ƙwayar abinci ne aka shafa mata launi. Tsutsa ta shiga a mako na huɗu, bai gane ba sai da ya ga ganye ya huje kamar rariya da kashinta kamar garin katako a cikin kunne. Kuɗin yuriya kuwa falle ya ci, abin da ake kira shel a nan, daga wani ɗan kasuwa da ya yanke farashin buhu tun watan shuka. Da kaka ɗan kasuwar ya zo da motarsa ya kwashe rabonsa. Abin da ya rage mana muka gasa, muka rarraba wa maƙwabta, kaji suka ci saura. Da faddan goma ya yi a wannan shekarar, da har yau bashin muke biya.

Ko da irin na gaskiya ne, akwai abin da ya kamata a sani. Aurarren iri ba a ɗibar irin baɗi daga cikinsa, 'ya'yansa ba sa kama da shi, dole duk shekara a sayo sabo. A ƙasar da hanya ke iya rufewa wata shida, wannan ba ƙaramin haɗari ba ne. Irin da ake iya maimaitawa, irin su Hudeiba-2 da hukumar binciken noma ta ƙasar nan ta fitar, ba ya kai aurarre yabanya, amma Inna na iya rataye shi a saman murhu. Ga mai faddan biyu a wannan zamani, shi ne na hankali.

Wannan ya kawo ni kan gwamnati. Idan da gaske ake maganar farfaɗo da noma, wurin farawa Wad Madani ne. Hedikwatar hukumar binciken noma da rumbun ajiyar irin ƙasar nan suna can, kuma an yi musu ta'adi bayan garin ya faɗa hannun dakarun RSF masu yaƙi da sojojin gwamnati a Disamban 2023, kafin sojoji su karɓe shi a Janairun 2025. Sai da aka kai wani ɓangare na irin da aka ceto rumbun Svalbard da ke Norwe don kada a rasa shi baki ɗaya. Gyara wannan cibiya, da ninka iri mai takardar shaida, da hukunta masu rina ƙwaya, da kai bashin bankin manoma ga ɗan haya da mai juruf ba sai mai takardar faddan dubu ba, duk sun fi a fito a rediyo a ce bana an yi niyyar noma faddan miliyan kaza. Kowace shekara da sanarwar faddan ake buɗe damina. Ina jiran shekarar da wani jami'i zai tsaya da kaka ya faɗi shawal nawa faddan ya bayar a Sinnar, nawa a Gadarif, nawa a Damazin, da nawa ya bayar bara. Kasuwar amfanin gona ta Gadarif ta iya gwanjon riɗi da dawa a bainar jama'a, ba abin da zai hana ta yi wa masara haka in akwai ta.

Mu ma akwai namu. Kuɗin da 'yan uwa ke turowa daga Jidda da Makka da Riyad, maimakon a karɓi hayar ƙarin fili da shi, ya fi amfani a sa shi a famfo mai aiki da hasken rana, tun da gas ɗin injin ban ruwa shi ke cinye ribar lambu, da buhunan ajiya masu hana iska shiga, da taki a kan kari. Manoma goma da suka haɗa kai suka je wurin mai gidan kaji kafin shuka, suka ji shawal nawa zai ɗauka da irin bushewar da yake so, sun fi mutum ɗaya da ya cika gona yana fatan Allah ya kawo kasuwa. Kuma duk abin da na faɗa kan masara ya hau kan dawa. Faddan ɗin dawa da aka ba iri mai jure ƙuduji, aka shuka a layi, aka ɗan sa masa taki a gindi, aka juya shi da gyaɗa ko wake, yana iya ninka abin da yake bayarwa, kuma ita ba sai an nemi mai saye ba.

A ƙarshen zaman nan na gindin darbejiya, Baffa bai hana ba, bai kuma yarda da goma ba. Ya ce a yanki rabin faddan daga juruf ɗinsa, gefen da famfo ke kaiwa. Washegari da safe ya sa aka auna da igiya aka kafa turaku huɗu. Ya raba shi biyu, ɓari da yuriya ɓari da takin awaki. Ya aiki jikarsa ta sayo littafin rubutu na 'yan makaranta, ya ce da ƙanena, "Duk kuɗin da ya fita ka rubuta, har shayin mai ban ruwa. Da kaka mu ƙirga buhu a gaban kowa." Sauran gonar kuwa dawa aka zuba, kamar kullum.